Takardar da Yaya Bai Yanka Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinSa kowa ya nufa. Yaya dai ya riga ni isa. Ya rasu ranar Talata da hantsi, aka yi masa salla bayan azahar a ƙofar gidanmu na gado a nan Daura. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Har gemuna ya yi fari fat bai daina ce mini Auta ba.

An zo gaisuwa fiye da yadda muka zata, har sai da muka aro tabarmi daga masallaci. Wani tsohon direba mai bin hanyar Kongolam ya durƙusa gabana yana share hawaye da hularsa. Ya ce Yaya ne ya ɗinke masa Alƙur'anin mahaifinsa da ya warwatse, da ya kawo kaza don godiya kuma Yaya ya kore shi da ita. Wata malamar Islamiyya ta aiko daga cikin gida cewa shekara da shekaru littattafan rubutun ɗalibanta Yaya ke haɗa mata su daga ragowar takardun shagonmu. Limamin unguwarmu, wanda tsufa ya kama ƙwarai yanzu, sai maimaitawa yake: "Mutum ne mai haƙuri. Mai haƙuri ƙwarai." Bai ɗora komai a kai ba, ni kuwa na san abin da ya riƙe masa harshe.

Bayan la'asar wasu baƙi biyu suka zauna a bayana, sun rako wani ne.

"Wai wane ne mamacin?"

"Tsohon nan na maɗaba'a mana. Wanda ya taɓa yanke aya."

"Af, shi ne? To Allah Ya yafe masa."

"Amin. An ce ido ne ya gaza masa."

Na ji su sarai. Hannuna na cikin hannun wani mai gaisuwa, na ci gaba da cewa amin, an gode, ban waiwaya ba. Karo na biyu ke nan da aka faɗi wannan magana a gabana na yi shiru. Saboda ita na ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, amma abin da zan faɗa ba ya bukatar zurfin ilimi.

Mahaifinmu marubucin Alƙur'ani ne, da hannu, da alƙalamin kara. Yakan bar fili mai faɗi a kowane gefen takarda. Cewa yake gara daga baki take fara ci, yatsa ma a baki yake zama, in ka kai rubutu baki ka ba su abin da ba nasu ba. Da wannan magana Yaya ya tashi. Ya je Kano ya yi shekaru a wata maɗaba'a, ya dawo da tsohon injin bugu da wuƙar yanka takarda, irin mai dogon hannun ƙarfe da ake dannawa. Muka mai da zauren gidanmu shago. Ni nake karɓar aiki in yi magana da mutane, shi yake tsara shafi ya buga ya yanka. Kowa a Daura ya san wuƙar nan ta Yaya ce. Ko mai sharar shago ba ya taɓa ta.

Kullum da guntun fensir a bakin hularsa. Ba ya tsallake takarda ko da fara ce. In littafin addini zai yanka sai ya sake alwala. Abin awonsa babban yatsansa ne. Rula tana rataye a ƙusa, sai in baƙo ya yi gardama yake sauko da ita, kuma ba ta taɓa ƙaryata yatsan ba.

Ilminsa na shafi ƙa'ida biyu ne, na ji su har sun ishe ni. Ta farko, in launi ko hoto zai kai har bakin takarda, to a bar shi ya zarce layin yanka da faɗin ƙwayar dawa. Wannan zarcewar yake kira rabon wuƙa. Dalilinsa shi ne wuƙa ba ta faɗa wa wuri ɗaya sau biyu. In launi ya tsaya daidai kan layi, sai farar takarda ta leƙo a baki. Ta biyu, rubutu ya ja da baya daga layin nan da faɗin babban yatsa.

"Launi ya fita, rubutu ya shige," haka yake faɗa. "Wuƙa ba ta iya karatu ba, Auta."

Na tuna wani ango ya kawo hotonsa yana so ya cika katin biki, baki da baki. Yaya ya duba hoton ya dube shi.

"Wane kunne ka fi so?"

"Kamar yaya, Baba?"

"Ɗaya zai tafi. Ka zaɓa tun yanzu, kar amarya ta ce mu muka yi maka."

Aka yi dariya, angon ya yarda aka matsar da kansa ciki.

Da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu aiki ya yi mana yawa. Kowane malami yana son ƙaramin littafi: na addu'o'i, na hukuncin zakka, na tsarki. Gari kuma ya yi zafi ta wajen addini. Magana kaɗan sai a taru, kuskure kaɗan sai a ce raini ne. A lokacin na tafi Kano na yi wata uku ina koyon tsara shafi da kwamfuta, na dawo da ita a kwali. Ina da shekara kusan hamsin, amma na dawo ina jin kaina kamar sabon hafsa. A raina na ce zamanin yatsa ya wuce.

Aikina na farko babba shi ne littafin wani malami daga garin Babban Mutum: ayoyi da addu'o'in safe da yamma, da fassara. Ya ce yana son rubutu manya saboda tsofaffi, yana son bango kore shar, kuma ya ɗauka ranar Asabar don rabawa a wani wa'azi. Na ƙara girman haruffa har suka kusa taɓa layin yanka. Bangon kuwa na tsayar da korensa daidai kan layi. A allon kwamfuta komai ya zauna cif, abin sha'awa. Ban nuna wa Yaya ba sai da na sa yaran shago suka gama bugu, don ina so ya gani ya yi mamaki.

Ranar Alhamis ya ɗauki littafi guda da aka naɗe aka ɗinke da waya a tsakiya, ba a yanka ba tukuna. Ya juya shi, ya buɗe tsakiyarsa, ya ɗora yatsa. Sai ya zaro fensir ya ja layi daga sama har ƙasa. Layin ya bi ta kan haruffa.

"Nan wuƙa za ta bi."

"Haba Yaya. Ga shi can a kwamfuta, duk suna ciki."

"Kwamfutarka ta taɓa naɗe takarda? In ka sa takardu cikin juna ka naɗe, na tsakiya turowa suke waje. Shafin farko zai tsira. Na tsakiya ba zai tsira ba."

"To yaya za a yi? Jibi zai zo."

"Hanya biyu ce. Ko a sake bugu, ko in yanka daga wajen layi. Rubutu zai tsira, amma fari zai fito a bakin bango, tunda ba ka ba wuƙa rabonta ba."

"Fari a bango? Aikina na farko? A ce mun yi aikin 'yan koyo?"

"Ai aikin ɗan koyo ne, Auta."

Maganar ta soke ni. Na ce masa hassada yake yi, don ya ga abin da bai iya ba ya shigo shago. Na faɗi wannan ga wana, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Bai ɗaga murya ba. Ya mai da fensir bakin hula ya ce, "Farin bango kunyar kwana biyu ce. Ni dai ba zan ɗora wuƙa a kan aya ba. Ka jira ni in dawo, mu san abin yi." Ya sa littafin a aljihu ya fita.

Washegari Juma'a ya tafi Dutsi da uwargidansa, sunan jikan yayarta. Na sakko daga masallaci na rufe ƙofar shago ta ciki. Na tsaya gaban wuƙar da ban taɓa dannawa ba. Na yanka dami na farko, fari ya leƙo a bakin bango kamar yadda ya ce. Sai na ƙara matsar da damin ciki na sake yankawa, har farin ya ɓace. Na buɗe shafin farko da na ƙarshe, lafiya lau. Tsakiya ban buɗe ba. Ba mantuwa ba ce. Tsoron abin da zan gani ne ya hana ni. Kafin magariba na gama, na ɗaure su a kwali. Mutanen malamin suka zo da sassafe suka kwashe.

Siraran takardun da wuƙa ke zubarwa, masu kai ƙwan zabbi kasuwar Kongolam ne ke kwashe su suna shimfiɗa wa ƙwai, ga shi kuwa damina ce. Na cusa su a buhuna na ajiye a bakin ƙofa.

Da hantsi Yaya ya dawo. Ya dubi teburin da babu littattafai, ya dubi wuƙar. Ya je wurin buhun, ya zura hannu ya ɗebo, ya ɗaga wajen haske. Ina tsaye ina ganin abin da yake gani: rabin harafi, ɗigo, wasali, a jere a kan siririyar takarda.

"An tafi da su?"

"An tafi."

"Buhu nawa?"

"Biyu ne. Mai ƙwai ya ɗauki ɗaya ɗazu."

Ya hau kekensa ya bi mai ƙwan har tasha, ya karɓo buhun kafin mota ta tashi. Ya shimfiɗa sabuwar tabarma a tsakar gida, ya juye buhunan biyu, ya zauna yana tsince duk wadda ke da tawada. Har la'asar yana nan. Na zo zan sa hannu ya ce, "Kana da alwala?" Na janye. Ya ƙona su a sabon kasko, ya binne tokar a gindin bango inda ƙafa ba ta bi.

Kwana huɗu bayan haka aka aiko kiran mu zauren Liman. Tun daga nesa na ga samari sun cika ƙofar, wasu da littafin a hannu suna ɗaga shi. Wani ya ce da ƙarfi, "Ga su nan!" Wani ya ce a rufe shagon, wani ya ce rufewa ta yi kaɗan. Yaya ya ratsa su yana sallama kamar kasuwa ya shiga.

A ciki malamin Babban Mutum na zaune, idonsa ja. Ya buɗe tsakiyar littafin ya miƙa wa Liman. A shafin dama farkon layuka ya tafi, a na hagu ƙarshensu.

"Tsofaffi na karanta wannan safe da yamma," in ji shi. "Ayar Allah, da guntu! Da sunana a bango!"

Liman ya daɗe yana duba shafin. Sannan ya ɗago.

"Ba mu zo tozarta kowa ba. Amma sai an san inda abin ya fito. Wa ke yanka a shagonku?"

Duk wanda ke zauren ya san amsar. Duk da haka ni Yaya ya duba, dubawa guda, ba ta fushi ba. Ya ba ni fili in yi magana. Na ji ihun samarin a waje, na tuna 'ya'yana mata biyu da ake neman aurensu a lokacin, na sunkuyar da kai ina kallon tabarma.

"Allah gafarta Malam," in ji Yaya, "wuƙar tawa ce."

"Kai da muka sani da kiyayewa?"

"Wuƙar tawa ce. Ba da raini aka yi ba. A ba ni lokaci in tattaro su duka, mu sake bugawa."

Bai yi ƙarya ba ko da kalma ɗaya. Ni na yi ƙaryar, da bakina a rufe.

Liman ya fita ya kwantar da samarin, aka tsaya a kan haka. Yaya ya shafe sauran daminar a kan hanya. Ya bi ƙauyukan Ɓaure, ya je Dutsi, ya kai Kongolam har ya tsallaka iyaka, don wasu littattafan sun bi fatake. A kowane gari sai ya tsaya ƙofar masallaci ya ce shi ne mai maɗaba'ar da ta yi kuskure, a taimaka a dawo masa da su. Wani wuri a ba shi ruwa, wani wuri a gaya masa baƙar magana. Haka sunan ya bi shi. Shi da kansa ya kai shi gari gari.

Kafin wannan, in Liman ba ya nan Yaya ke jan salla a masallacin unguwarmu. Ba wanda ya ce masa ya daina. Ranar da Liman ya yi tafiya sai kawai aka tura wani gaba. Yaya ya koma ƙarshen sahu wajen taga, nan ya yi salla har ƙarshen ransa. Ni kuwa ina sahun farko, ana ce mini Alhaji mai kwamfuta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne alherin da ya biyo baya. Da za mu sake bugun, ya jawo kujera ya zauna kusa da ni gaban kwamfutar da na ce yana yi wa hassada.

"Nuna mini inda ake gaya mata faɗin gefe."

Na nuna masa. Ya ɗora babban yatsansa a kan rula, ya karanta mini awon, na shigar. Ya sa na ja koren bango ya zarce layi ta kowane ɓangare. Ya sa na ƙara wa shafukan tsakiya fili. Sannan ya ce a buga guda ɗaya tak, a naɗe, a ɗinke, a yanka, a buɗe tsakiya, kafin a taɓa sauran. Har yau haka ake yi a shagonmu. Mutane na yabon aikina, ba su san yatsan wa ke ciki ba.

Sau ɗaya na gwada buɗe maganar. Muna cin goro bayan azahar na ce, "Yaya, batun nan na shekarun baya..."

"Wane batu? Miƙo mini almakashi."

Na miƙa masa, na kuma ji daɗin da ya katse ni. Wannan ma sai na faɗa.

Ranar kwana biyu da rasuwarsa uwargidansa ta aiko in shigo. Tana zaune a ɗakinta cikin takaba, ta sa labule tsakaninmu. Mace ce da muka yi shekaru muna wasan ƙanin miji da ita, amma tun waccan damina wasan ya mutu, ban kuma taɓa tambayar dalili ba. Ta turo wani abu ta ƙarƙashin labulen, a naɗe cikin tsohon rawani. Littafin nan ne na ranar Alhamis, wanda ba a yanka ba. Layin fensir na nan a tsakiyarsa, ya bi ta kan haruffa.

"A ƙasan adakarsa yake," in ji ta. "Ya ce in ya riga ka, in ba ka ka ƙona, kar yara su gani su yi tambaya."

Na bi layin da ido.

"Auta, ni na san inda yake ran Juma'ar nan. Tare muka ci tuwon suna a Dutsi. Ya hana ni faɗa, na yi masa biyayya yana raye. Jiya 'yar'uwata ta ji wata tana cewa mijina ne ya yanke aya. A gidansa, a zaman makokinsa."

"Ki yafe mini, Hajiya."

"Ba ni ka yi wa ba. Ga shi nan, na sauke amana. Ashana tana kicin in ita kake so."

Na fito da littafin a cikin riga. Ya ce in ƙona. Ko a kabari yana rufa mini asiri. Na auna abin ta kowace fuska, na ga in na bi umarninsa wannan karon, na sake barinsa ne shi kaɗai a zauren Liman.

Da safe aka taru addu'ar uku. Da aka shafa fatiha mutane suka fara neman takalma, sai na miƙe.

"Jama'a, ku dakata. Allah gafarta Malam, akwai tambayar da ka yi shekarun baya, ba a ba ka cikakkiyar amsa ba."

Na buɗe littafin na ajiye a gaban Liman. Na ce wannan layin Yaya ya ja shi kwana guda kafin a yanka, ya ce ba zai ɗora wuƙa a kan aya ba. Na ce ni na tsara shafin, ni na ƙi jin magana, ni na rufe shago ran Juma'a na yanka yana Dutsi. Na ce duk wanda ya taɓa faɗin cewa Yaya ya yanke aya, ko ya ji an faɗa, to ya mai da sunan kaina, nawa ne.

Babban ɗan Yaya ya tashi ya shige gida bai dube ni ba, kuma har yau da nake rubutun nan bai gaishe ni ba. Yana da gaskiya. Tsohon direban nan ya ce, "Wallahi na sani! Na san hannun nan ba zai yi ba!" Liman ya kawo littafin kusa da idonsa, ya bi layin fensir da yatsa tun daga sama har ƙasa.

"Mun bar shi a ƙarshen sahu," ya ce a hankali. "Shekara nawa, muna gani." Sannan ya dube ni. "Ka makara, Alhaji."

"Na makara, Malam."

"To, a sake zama. A sake masa fatiha."

Waɗanda suka sa takalma suka cire, aka koma kan tabarmi.

Baƙin nan biyu ba su nan ranar, ban kuma san garinsu ba. Akwai irinsu a duk inda Yaya ya tsaya ƙofar masallaci ya ɗauki laifina. Shi ya sa zan buga wannan takarda in bi da ita hanyar da ya bi, daga Ɓaure zuwa Dutsi zuwa Kongolam, in tsaya inda ya tsaya. Wanda ta isa hannunsa, in ya taɓa jin waccan magana, ya gyara ta a bakinsa, ya gaya wa wanda ya gaya masa.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yalwata masa kabarinsa ta kowane gefe, Ya sa shi a sahun da muka hana shi. Ni kuma ku roƙa mini Allah Ya sa in mun haɗu ya yarda ya sake ce mini Auta.